Goggo Hauwa da Jar Ramar Jarif

Ranar Talata da hantsi ina tsaye gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Rufa'a, waya ta yi ta motsi a aljihuna. Ba al'adata ba ce in ɗauki waya a cikin aji, amma da mai kiran ya ƙi haƙura sai na fita baranda na duba. Yaya Adam ne, babban ɗan Goggo Hauwa. Layin yana yankewa, abin da na iya ji kawai shi ne "Inna" da "bayan azahar". Na ɗauka asibiti za a kai ta a Sinnar, har na fara ce masa kada su jira azahar, su tashi yanzu. Sai a kira na uku muryarsa ta fito sosai.

"Haruna, saurara. Inna ta cika da sahen ga. Bayan azahar za a kai ta."

Na ce masa to. Na koma aji na ƙarasa jimlar da na bari a allo, na sa yara su kwafa, sannan na ajiye alli na je na sanar da shugaban makaranta. Har yau ban san abin da ya mayar da ni ga jimlar nan ba. Mota uku na canza kafin in isa ƙauyenmu, wanda ke gabashin kogi, ƙasa da Makwar. Na tarar an riga an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a rumfa, mutane suna shigowa suna ɗaga hannu da Fatiha. Ni ma aka yi ta ɗaga mini hannu ana cewa "albaraka fikum", ina amsawa, alhali zuciyata ba ta gama yarda ba. Kwana uku kacal ta yi tana zazzaɓi, ba wanda ya ga abin ya kai a kira ni.

Goggo Hauwa yayar mahaifina ce. Ina ɗan shekara huɗu mahaifiyata ta rasu, ita ta zo ta ɗauke ni da 'yan tsummokarana ta haɗa ni da Yaya Adam, kuma ba ta taɓa bambanta mu ba, a kwano ko a bulala. Mijinta ya rasu tana da sauran ƙuruciya, ta ƙi sake aure, ta riƙe mu da abin da jarif ke bayarwa. Ga wanda bai san wajenmu ba, jarif shi ne gangaren bakin kogi da ruwa ke rufewa lokacin damira, wato cikar kogi ta ƙarshen damina. In ruwan ya janye sai ya bar laka mai danshi, a shuka wake da kuɓewa da kabewa da masara ba tare da ban ruwa ba. Nata siriri ne mai tsawo, gadon mahaifiyarta, ya gangaro daga tudu zuwa ruwa hawa uku kamar matakala. Hawan ƙasa ruwa na cin sa kowace shekara, na tsakiya mafi yawan shekaru, na sama kuwa sai shekarar da kogi ya zo da ƙarfi.

Abin da ya bambanta ta da sauran masu jarif shi ne ba ta gaggawar shuka. Ruwa na janyewa kowa zai sauka da sanda da iri, ita kuwa sai ta yi kwana uku huɗu tana zagaya wurin a sunkuye, tana duba abin da ya fara tsirowa da kansa. Tun ina ƙarami take jan hannuna zuwa can. "Duƙa ka duba," haka take ce mini. "A tsaye ba a ganin komi nan." Tsiro yana ganye biyu, bai kai ƙwayar gero girma ba, za ta ce wannan lalo ne, wannan gasaya, wannan zaƙi-banza, wannan ɗan bagaruwa, wannan kuma baƙo ne, ruwa ya zo da shi daga sama. Na taɓa tambayar ta amfanin sanin ciyawar da za a nome a zubar. Ta ce, "Ba ni ɗai ka shuka wurin ga ba. Ƙasa na da nata ajiya, ruwa na zuwa da nashi. In ban san abin da sunka shuka ba, ƙaƙa zan san inda zan sa nawa?"

Daga abin da ya tsiro take karanta abin da ruwan ya yi. In ya daɗe a zaune, bagaruwa da lalo za su fito cunkus, domin fatarsu mai tauri ce, sai ta jiƙu sosai take buɗewa, wake da kuɓewar da suka zube bara kuwa sun ruɓe. In lakar ta wuce taƙi ɗaya kauri, gasaya ba za ta leƙo ba sai fartanya ta juya ƙasar. In kuma ruwan ya yi saurin janyewa, to a shirya wa jiji da kiri-kiri. Idan wani wuri ya rikita ta, sai ta ɗebo ƙasarsa a bakin zane ta kawo gida, ta zuba a kasko a bayan ɗaki, ta riƙa yayyafa masa ruwa har ya nuna abin da ke cikinsa. Mata suna mata dariya suna cewa Hauwa na noman ciyawa a kasko, amma su ɗin ne ke zuwa bayan kwana biyu su tambaye ta ko lokacin shuka ya yi. Da na je kwaleji na tarar da waɗannan abubuwa a littattafai da dogayen sunaye, sai na ga yawancinsu na riga na ji su daga bakinta, ƙafafuna cikin laka.

Ba ta taɓa sayar da iri ba. Duk wadda ta zo nema sai ta ƙulla mata a tsumma, ta kuma faɗa mata hawan da zai fi so. Lalon da ya fito da kansa a hawan ƙasa kowa na iya tsinka, domin a cewarta ba ita ta shuka shi ba. Amma ba zan ce mai sanyin hali ce ba, waɗanda suka zauna da ita za su ƙaryata ni. Tana da kaifin baki, kuma in ta tsaya kan magana ba mai kawar da ita. Ta taɓa zane ni sosai saboda na tuge 'ya'yan bagaruwar da ta bari su riƙe bakin gaɓa, ina tsammanin taimako na yi. Yaya Adam ya haura hamsin, yana da 'ya'ya shida, amma bai taɓa soke sanda a jarif ɗin nan ba sai inda ta nuna. Ɗan fari ne, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. In ina wurin ta bakina take bi, ta ce, "Hwaɗa ma yayanka."

Akwai abu ɗaya da ta rasa wanda ba ta daina zancensa ba, shi ne jar rama. Ta ce kakanninmu da suka taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa sun zo da ƙwayoyinta a ƙulle, mahaifiyarta kuma, wadda muke kira Iya, ita ta ci gaba da shuka ta a jarif ɗin nan. Karanta ja ne kamar an ƙunsa masa lalle, ganyenta ba shi da ɗacin ramar kasuwa, tafasa ɗaya ta ishe shi a yi kwaɗo. A wata shekarar yunwa, tun kafin in yi wayo, irin ya ƙare. Wadda aka shuka awaki suka cinye ta kafin ta yi 'ya'ya, wadda aka ajiye a gora kuma ƙwari suka mayar da ita gari. Ta nema a gidajen ƙauye, ta aika Damazin wajen dangi, duk abin da aka kawo mata in ta shuka sai ta ce ba ita ba ce. Na girma ina jin labarin ramar Iya ban taɓa ganin ta ba. In faɗi gaskiya, na ɗauka irin abin nan ne da tsofaffi ke ƙara wa daɗi don ya wuce.

Sai shekarar babbar ambaliyar nan da ta shiga har gidaje. Ruwa ya haye hawan sama ya zauna fiye da wata guda. Da ya janye aka ga ya zabtare gefen hawan, ya bar gaɓa a tsaye wadda ta fi mutum tsawo, ana ganin ƙasar jere-jere, fara da baƙa, kamar tabarmin da aka ɗora kan juna. Jarif ya koma wani wuri daban. Inda aka saba tsinkar lalo babu lalo, gasaya ta nutse ƙarƙashin laka, sai ƙaidaji mai ƙaya da zaƙami da wasu ciyayin da Goggo kanta ta ce ba ta taɓa gani ba. Mako uku bayan haka ta sa aka kira ni a waya, ta ce in zo ranar Juma'a. Ba ta faɗi dalili ba.

Ko ruwa ba ta bari na sha ba ta ja ni zuwa gindin gaɓar. A tsakanin wasu hoge na baƙar ƙasa da suka zubo daga sama akwai 'yan tsirrai da ba su wuce yatsun hannu biyu yawa ba, karansu ja.

"Ka gane ta?" in ji ta.

Na ce, "Yakuwa ce?"

"Ustaz ke nan." Haka take kira na duk ranar da karatuna ya gaza a gabanta. "Ramar Iya ce."

Sai ta zauna daɓas a cikin lakar da tob ɗinta, wato lafayarta ta Juma'a. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon su, sannan ta ce, "Shekara nawa tana nan ƙarƙashin ƙahwahuna, ni ko ina ta aike Damazin."

Da na yi shiru da ya fi. Amma na ce mata wataƙila ruwa ne ya kawo ta daga sama, tunda akwai mutanenmu a bakin kogin nan har can kudu, wani na iya shuka ta ba mu sani ba.

Ta ce, "In ruwa ya kawo ta, mi ya hana ta hita ko'ina? Mi ya sa sai gindin baƙar ƙasar ga da ta zubo?"

Na san iri mai taurin fata yana iya daɗewa a binne in yana can ƙasa inda iska da rana ba sa kai masa, amma ban san ko zai kai shekarun da take lissafi ba. Har ta rasu ba mu warware wannan gardama ba, kuma har yanzu ban san wanda ke da gaskiya a cikinmu ba. Abin da na sani shi ne na ci kwaɗonta a shekarar, kuma ba ɗaci, yadda ta faɗa.

Ta kewaye wurin da ƙaya, ta tsare shi da kanta har 'ya'yan suka bushe. Shekara ta biyu ta shuka ta a hawan tsakiya, ta yi kyau ƙwarai. Mata suka zo neman iri, a nan ne ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta hana. Ta ce su bari ta ƙara shekara ɗaya ta yawaita, sannan kowa ya samu. Daga baya ta faɗa mini da bakinta cewa wannan hanawar ita ce babbar wautar da ta yi a rayuwarta.

Domin kafin shekarar ta zagayo yaƙi ya iso mana. Ba zan yi zancensa a nan ba, kowane gida na da nasa labarin. Hanya ta yanke tsakaninmu, ni na tsinci kaina a gabas da iyalina, su kuma suka bar ƙauye wata da watanni. Da suka dawo suka tarar da ɗakin ajiya wayam, gorar irin ma babu, rufin ɗakin Yaya Adam a ƙasa. Kusan shekara biyu ban sa ta a ido ba. Ranar da waya ta dawo aiki, bayan mun gaisa mun lissafa wa juna waɗanda suka rasu, na tambaye ta ramar. Ta ce, "Kada ka damu, tana ƙasa. Na watsa ta wurare da dama kahin mu tahi." Ban tambaye ta wuraren ba. Ban ga dalilin tambaya ba a lokacin.

Amma kogin ya riga ya canza hali, tun kafin yaƙin ma ya fara canzawa. Damirar da muka sani tana zuwa ne da kauri kamar kunu, a ji ƙanshin lakarta daga cikin gida. Yanzu sai ta zo tsararo, ta ɗan lashi hawan ƙasa ta koma. Hawan tsakiya ya bushe ya tsage, kiri-kiri da tumfafiya suka mamaye shi, na sama kuwa ƙaidaji ya cinye. Wasu suka ce sabuwar madatsar da aka gina can sama ce ke riƙe ruwan da lakarsa, wasu suka ce ruwan saman ne ya canza, wasu suka ce zunubanmu ne. Ni da ake kira malamin kimiyya aka yi ta tambayata, ina ba da amsoshin da ni kaina ban gama gamsuwa da su ba.

A wannan tsakanin masu kamina suka zo, wato masu haƙar lakar bakin kogi su toya jan bulo. Kowa na gyaran gida bayan yaƙi, bulo ya yi daraja, kuma hawan sama na Goggo ya fi na kowa zurfin laka. Yaya Adam ya so ya ba su, ba kuma zan ga laifinsa ba. A ziyarata ta farko bayan yaƙi aka yi maganar a gabana, muna zaune a tsakar gida ana shan jabana, wato gahawa.

Ya ce, "Inna, hawan sama shekara nawa ruwa bai taɓa shi ba? Ƙaya ɗai ka hita nan. Ga yara ɗaki ba ruhi, sai tamfol ɗin mushamma munka ɗaura."

Ba ta dube shi ba, ni ta duba. "Hwaɗa ma yayanka, ƙasar da anka toya ba ta sake tsirowa. Baƙar ƙasar da ramar ta hito ciki tana ƙarƙashin hawan nan. In na mutu shi yi abin da ya ga dama."

Ya ce, "Rama za mu ruhe ɗaki da ita, Inna?"

Su biyun suka zuba mini ido. Na ce a jira a ga damirar bana tukuna. Na faɗi haka ne don in tsira daga tsakaninsu, ba don na san wani abu game da damirar bana ba.

Sai ga shi ta zo da ɗan ƙarfi. Ruwa ya hau hawan tsakiya karo na farko cikin shekaru, ya zauna kamar kwana goma ya janye. Amna, matar Yaya Adam, ta kira ni ta kara wa Goggo wayar a kunne. Na daɗe ban ji muryarta haka ba. "Ta hita, Haruna. Ko'ina ja. Bana kowa zai samu iri, har wadda ba ta tambaya ba." Mutane suka sauka suka shuka wake da kuɓewa. Bayan kamar mako biyu, a lokacin da kogi bai taɓa tashi ba a iya sanin tsofaffin ƙauyen, sama fes ba gajimare, ruwan ya dawo. Cikin yini ɗaya ya rufe hawa biyu, ya zauna rabin wata. Da ya janye ba abin da ya rage sai laka tsirara da warin ruɓa.

Na je a makon. Na same ta zaune a bakin gaɓa da sandarta, ta rame. Ba ta bari mun gama gaisawa ba ta ce, "Ustaz, kai ka yi karatu. Wadda ta tsira ta mutu, wanga na sani. To duka sunka tsira, ko akwai waɗanda sunka rage suna barci?"

Na ce mata yawanci iri irin wannan ba ya tsirowa duka a lokaci ɗaya, wasu kan rage. Na kuma ce amma jiƙa biyu a jere na iya ruɓar da waɗanda suka fara kumbura, sannan ruwan na iya kwashe wasu ya kai su wani wuri.

"Ya'ani akwai ko babu?"

"Ban sani ba, Goggo."

Muna nan zaune wasu mata biyu masu maƙwabtaka da jarif ɗinta suka zo. Irin da ya rage musu kaɗan ne, suna so su ji ko su sake shukawa ko ruwan zai ƙara dawowa. Duk tsawon rayuwarta in aka tambaye ta abin da ba ta gano ba takan ce, "Ban sani ba tukuna." Ran nan ta dube su ta ce, "Ban sani ba," ba ta ƙara "tukuna" ba. Matan suka ɗan tsaya suna jiran sauran maganar, da ba su ji ba suka yi sallama suka tafi.

Bayan sun tafi ta ce mini, "Kogin da na sani ba shi ne wanga ba. Ko ni ce na tsuhwa na rikice?"

Na ce mata ba ita ta rikice ba. Ban ga alamar ta yarda ba. Da zan tafi na ga ta sunkuya tana ɗibar ƙasa a bakin zane, na ce ta kawo in ɗauka mata. Ta ce in je kada mota ta bar ni. Wannan ne ganina da ita na ƙarshe, mako shida kafin wayar Yaya Adam.

Ranar da aka naɗe tabarmin makoki Amna ta kira ni bayan ɗakin Goggo. Kasake goma sha huɗu ne a jere a gindin bango, kowanne cike da ƙasa. Ta ce a hankali Goggo ta tara su, yau ɗaya jibi ɗaya, domin hawan gaɓar ya fara yi mata wuya, kuma da ta kwanta ita Amna ta ci gaba da ba su ruwa. Kowane kasko da alamarsa. Wani an soka masa ƙwallon dabino ɗaya, wani biyu, wani an ɗaura masa shuɗin zare, wani guntun awarwaro, wani tsakuwa uku. Alamun wuraren da ta ɗebo ƙasar ne, wannan ba shakka, amma ba ta faɗa wa kowa ma'anarsu ba. Jiji ya fito a yawancinsu, lalo a biyu, gasaya a ɗaya, ƙaidaji a uku. Huɗu ba su fitar da komai ba. Ja kuwa babu ko ɗaya. Na kwashe safiya guda ina murza ƙasar a yatsa, ina sauka jarif ina kwatanta launi, ko zan gane wane kasko ne na wane wuri. Ban gane ba. Ban kuma san ko ta gama zagayen da ta yi niyya ba, ko wuraren da ta fi sa rai su ne ba ta kai gare su ba.

Da la'asar Yaya Adam ya ce in raka shi. Ya ɗauko turaku da gatari, muka gangara jarif. A hawan sama ya tsaya.

Ya ce, "Masu kamina sun zo gaisuwa jiya. Ba su ce komi ba, amma ka san za su dawo. Ba ni ba su duka, ba ni iyawa. Amma damina mai zuwa ba ta samun yara ƙarƙashin mushamma. Rabi zan ba su. Kai za ka ja layi."

Na ce, "Yaya, ba ta nuna mini wuraren ba."

"Kai ta koya ma. Ni ko sunana ba ta taɓa hwaɗi ba, balle wurin rama." Ya yi 'yar dariya, sannan ya juya mini baya ya daɗe yana kallon kogi.

Na bi hawan daga wannan iyaka zuwa waccan, na dawo, na sake komawa. Ina neman wurin da ta zauna da tob ɗinta ran nan, amma ruwa na biyu ya sake cin gaɓar, fuskarta ta canza. Baƙar ƙasar na gan ta a wuri biyu, ɗaya ta kudu ɗaya ta arewa, kuma rabi ɗaya kawai za a iya bari. Daga ƙarshe na zaɓi kudu, saboda ina jin kamar rana tana bayanmu a ranar. Na ja layi da sanda daga tudu zuwa bakin gaɓa.

Yaya Adam ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To." Ya kafa turakun.

Ya Allah, ga baiwarka Hauwa ta zo maka. Ka jiƙan ta, ka gafarta mata, ka yalwata mata kabarinta, ka sanya shi dausayi daga dausayoyin Aljanna. Ta riƙi maraya ba ta gaji da shi ba, ta ciyar da maƙwabta daga abin da ka fitar mata, ka sa wannan a mizaninta. Kaifin bakinta da hanawar da ta yi sau ɗaya ta kuma yi nadama, ka shafe mata su da rahamarka. Ka haɗa ta da Iya da mijinta da mahaifana a gidan da ba a rabuwa.

Ka ba Yaya Adam haƙuri da ƙarfin riƙon gidan da ta bari, ka rufa masa asiri, ka sa ɗakin 'ya'yansa ya rufu kafin ruwa ya sauka. Ka saka wa Amna da alheri bisa jinyar da ta yi, ka albarkaci jikokin Goggo ka shiryar da su. Matan ƙauyenmu da za su sauka jarif ba su da wadda za su tambaya, ka sanar da su lokacin shukarsu, ka tsare musu ɗan irin da ya rage a hannunsu. Ni kuma, ya Ubangiji, da iyakar sanina na ja layin nan, kai ne ka san abin da ke ƙarƙashinsa. In na ba wa wuta abin da ta ɓoye, ka yafe mini, ka sa ita ma ta yafe mini. Amin.